Fatar da Haladu Ya Kawo Gida

Tasalla ta gama tuƙa tuwo ke nan, tana kwashewa, dutsen farko ya faɗo. Bai zo da ƙarfi ba. Ya sauka a tsakiyar tukunyar miya kamar wani ne ya miƙo hannu ya ajiye shi, miyar kuka ta fallatsa mata a zani. Ta ɗaga kai a hankali. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Roni, kaji suna ta neman wurin kwana, ladan bai kai ga kiran magariba ba. Babu kowa a bayan danga.

"Yaran unguwar nan ba su da kwaɓa," in ji mijinta, Haladu.

Yana zaune a tsakar gida a kan fatar damisa, ya miƙe ƙafa, rediyonsa na gefe tana magana ƙasa-ƙasa. Bai rufe baki ba dutse na biyu ya bugi rediyon, ta kife, ta yi shiru. Na uku ya faɗo tsakanin ƙafafunsa, a kan fatar. Da ya taɓa shi sai ya ji shi da ɗumi, irin ɗumin jikin abu mai rai.

A lokacin ne 'yarsu Dela ta fito daga ɗaki. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyar, mace ɗaya bayan maza uku da duk suka tafi neman na kansu a birni, mai surutu da dariya har uwarta kan ce ta cika mata kunne. Ran nan ba ta ce wa kowa komai ba. Ta wuce su ta je gindin randa, ta zuba ruwa a kwano ta ajiye a ƙasa, sannan ta durƙusa a kan gwiwoyi da hannaye, ta sunkuyar da kai bisa kwanon, leɓenta ya kusa taɓa ruwan. Haka ta tsaya, ba ta sha ba, ba ta tashi ba.

"Ke Dela, wane irin wasa ne wannan da almuru?" in ji Tasalla.

Haladu bai tambayi komai ba. Ya taɓa ganin irin wannan durƙuson, kuma ya san inda ya gan shi.

A shekarun nan da arzikin mai ya cika ƙasa, aka yi ta buɗe ma'aikatu, Haladu ya sami aiki a wani gidan namun daji a birni. Aikinsa shara ce da wankin keji da raba nama. Kashin zaki kuwa ya kwashe shi ya fi a ƙirga. Amma tsakanin birni da ƙauye akwai tafiya, kuma a hanya labari yakan yi ƙiba. Duk sanda ya sauko daga mota da kakinsa a goge, sai ka rantse shi ke riƙe da gidan baki ɗaya. A majalisa yakan ce damisa ba ta cin nama sai daga hannunsa, wannan kam gaskiya ne. Yakan kuma ce likita ba ya yanke shawara sai ya tuntuɓe shi, wannan kuwa Allah ya yafe masa. Mutanen ƙauye suka sa masa suna Mai Damisa, shi ma ya karɓa hannu biyu.

Da kaka ta gabato sai cuta ta shiga gidan. Ta fara da kyanwoyin da ke yawo a bayan ɗakin ajiyar nama, ta haura kan kyanwoyin daji da ke ƙananan keji, ta ɗauke 'ya'yan damisa biyu cikin kwana uku. Duk hanya ɗaya take bi: amai, zawo mai wari, sannan dabbar ta je ta durƙusa bisa kwanon ruwa, ƙishi na cinta amma ta kasa sha, har ta faɗi. Likitan dabbobi, Dakta Silvanus, wani siririn mutum daga wajen Jos, ya tara leburori ya yi musu bayani da Hausarsa mai kyau. Ya ce ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, allura ba ta kashe ta. Ba ta kama mutum, amma duk abin da yake dangin kyanwa ne, daga zaki har magen gida, nata ne. Tana manne wa buhu da takalmi da kwano da gashi, ta yi wata da watanni a raye. Saboda haka duk abin da ya mutu a ƙone shi, da shimfiɗarsa da kwanonsa, kada a bar ko silin gashi.

Da uwar 'ya'yan damisar ta mutu, Haladu aka ba gawarta da galan na kananzir. Ya ja ta zuwa ramin da ke bayan gida, ya tsaya yana kallonta. Shekara huɗu yana ciyar da ita, kuma ya yi baƙin ciki na gaske, ba za a hana shi wannan ba. Sai dai yana cikin baƙin cikin idonsa ya sauka a kan fatar, ya tuna majalisar ƙauyensu, inda mai gari kansa buzun rago yake zama a kai. Ya duba gabas ya duba yamma, ya zaro wuƙar yankan nama. Ya ƙone sauran, ya shafa wa fatar gishiri da toka ya shanya a kan rufin ɗakin da yake haya, ya naɗe ta a cikin buhun da damisar ta kwanta a kai tana jinya. Da Dakta ya tambaye shi, ya ce an ƙone komai.

Da ya zo hutu gida sai ya ce kyauta ce likita ya yi masa saboda ƙwazo. Da liman ya tambaya ko mushe ce, don ba a salla a kan fatar mushe, Haladu ya ce ina, ƙafa ta karye, shi da hannunsa ya fuskantar da ita alƙibla ya yanka. Liman ya yi la'asar a kanta ran nan, mutane suna ta shafawa suna sa albarka.

Buhun kuwa aka jefa shi a lungun ɗaki, farar magen Dela ta mai da shi wurin kwana. Kwana biyar ta fara amai. A rana ta shida Dela ta same ta durƙushe bisa kwanon ruwa, kafin azahar ta mutu. Daga nan sai ta maƙwabta, sai ta gidan liman, sai muzurun masu shago. Kafin sati uku babu kukan kyanwa a unguwar, ɓeraye suka samu gari, ga rumbuna cike da sabon gero.

Mutane ba sa iya zama da asara ba tare da sun sami wanda za su ɗora wa ba. Danga ɗaya ce tsakanin gidan Haladu da bukkar Inno, wata tsohuwar Bafulatana da mijinta ya rasu, tana sayar da nono. An taɓa jinta a bakin rijiya tana faɗa cewa kyanwoyin unguwa sun ishe ta da buɗe mata ƙwarya, wata rana sai ta yi maganinsu. Aka tono wannan magana. Dela, da zafin rashin magenta, ita ta fara tsayawa a bakin danga ta kira tsohuwar mayya. Haladu yana zaune a kan fatarsa yana ji. Tun ranar da ya ga magen bisa kwano ya gane komai, amma ya sa hannu ya ƙara muryar rediyo. Aka daina sayen nonon Inno, mata suka riƙa janye gugansu idan ta iso rijiya.

To, yanzu ga 'yarsa a gindin randa.

Kwana uku aka yi a haka. Da rana Dela takan kwanta shiru, ido buɗe, leɓe a bushe. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta rarrafa zuwa kwano. Daga bayan rumbu akan ji wani gurnani mai kaushi, kamar ana yanka icce da zarto, a je a duba babu komai. Ko an ɗura mata ruwa sai ya dawo. An kai ta asibiti a Kazaure, aka ƙara mata ruwa ta jijiya, aka ce ba a ga ciwo ba. Suna dawowa gida ta koma gindin randa. Tasalla ta daina dafa abinci, ta daina kuka ma, sai ta zauna kusa da 'yarta tana kore mata ƙuda.

Samarin unguwa kuwa sun gama yanke hukunci. Suka ce Inno ta gama da kyanwoyi ta koma kan mutane, ta kama kurwar yarinya. Idan gari ya waye ranar Alhamis ba ta sake ta ba, za a fito da ita a tuɓe ta, ta tsallaka Dela sau uku kamar yadda ake yi wa mayu. Da suka zo suka gaya wa Haladu, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta. Abin da ya iya faɗa ke nan, mutumin da ke cika majalisa da baki.

Tasalla ce ta aika garin Gwiwa a kira Malam Sama'ilu, ba da shawarar mijinta ba. Ya iso ranar Laraba da la'asar sakaliya a kan tsohon kekensa, wani gajeren dattijo mai ƙaramar murya, wanda aka san shi da karatu da kuma rashin tsoron abin da ba a gani. Haladu ya yi abin da ya saba yi wa babban baƙo, ya ɗauko fatar ya shimfiɗa masa.

Malam ya tsaya yana dubanta. Ya sunkuya ya juya wuyan fatar, ya daɗe yana kallo.

"Yankakkiya ce?"

"Yankakkiya ce, Allah gafarta Malam."

Malam ya saki fatar. Ya matsa gefe ya zauna a kan ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa. Haladu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska.

Rana ta yi ƙasa. Inuwar danga ta miƙe ta rufe tsakar gida, tsuntsaye suka yi tsit. Dutse ya faɗo kusa da gwiwar Malam, bai ko kalle shi ba. Dela ta fito da rarrafe, ƙashin kafaɗunta na motsi a ƙarƙashin riga, ta durƙusa bisa kwano. Malam ya matsa kusa da ita ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Ya daɗe yana yi. Can sai yarinyar ta juyo da kai, ta dube shi da idanun da ba nata ba.

"Ya isa, ɗan tsoho. Ni ma na san abin da kake karantawa."

Muryar tsohuwa ce, mai kauri, tana fita tare da gurnani. Tasalla ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Musulma ce ke?" in ji Malam.

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Kawo ni aka yi, a cikin buhu." Kan Dela ya juya wajen Haladu. "A jikin damisar nan nake zaune tun tana ƙarama a cikin duwatsu. Aka kama ta aka kai keji, na bi ta. Ciwo ya zo ya kashe ta, na haƙura, na Allah ne. Likita ya ce a sa wuta, na ji daɗi, don da hayaƙin zan tashi in koma gida. Sai wannan ya zo da wuƙa ya tuɓe ni. Wata guda ke nan ƙarti suna zama a kaina suna cin goro."

"Ke kika kashe kyanwoyin garin nan?"

Aka yi wata dariya mai kama da tari. "Komai ya lalace ku ce aljani, in ba ku ce aljani ba ku ce tsohuwa. Ni ina ruwana da kyanwa? Ciwon da ya kashe tawa shi ya kashe nasu. A jikin fata ya zo, a jikin buhu ya zo. Tambaye shi, yana tsaye a gaba ranar da likita ya yi bayani."

Tasalla ta juyo ta dubi mijinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon. Ita ce ta yi ta yawo gida-gida tana ba da labarin kyautar likita, ita ce ta fara janye guga a rijiya.

"Me kike so ki fita?" in ji Malam.

"Ya raba ni da mazaunina, na sami wani. A bar mini yarinyar."

"Wannan kam ba za a yi ba. Ba ita ta riƙe wuƙa ba, kin kuwa san hukuncin zalunci. In kin ƙi, ni da ke ne har asuba, kuma ba ni zan gaji ba."

Numfashin Dela na fita da ƙyar, leɓenta ya tsage har ya yi jini.

"A ƙone fatar da buhun," in ji muryar.

"An yarda."

"Kuma ya faɗa da bakinsa. Ya je ƙofar tsohuwar nan ya faɗi abin da ya yi, mutane su ji."

Nan Haladu ya sami baki. Ya durƙusa ya ce zai yanka rago, zai yanka biyu, zai yi sadaka har kwana bakwai. Ya ce in maganar ta fita za ta kai birni, aikinsa ya tafi. Ya ce liman ya yi salla a kan fatar nan, da wane ido zai dube shi? Yana magana hawaye na zuba, kuma abin kunyar shi ne, har a wannan lokaci rabin hawayen na sunansa ne.

Malam Sama'ilu ya ɗan tausaya masa. Ya ce wa muryar, "Addini yana son a rufa wa Musulmi asiri. Ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, a ƙone fata, ki tafi."

"Ita tsohuwar da za a tuɓe gobe da safe, wa ya rufa mata nata?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Ta fi ni gaskiya, Haladu. Tashi."

"Ina riƙe da maƙogwaron yarinyar," in ji muryar. "In na jiyo shi daga nan, na saki."

Daga tsakar gidan zuwa ƙofar Inno bai fi taku talatin ba, amma Haladu bai taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Mutane sun riga sun taru a waje tun da suka ji an kawo malami, ga masu tafiya masallaci da butocinsu, ga samarin da ke jiran gobe. Suka buɗa masa hanya suna cewa sannu Mai Damisa, yaya mai jiki. Ya tsaya a bakin bukkar ya yi sallama.

Inno ta fito a tsorace, ta ƙanƙame zaninta a ƙirji da hannu biyu. Ta zaci tun yau aka zo.

"Inno," in ji Haladu, murya can ciki, "ba ke ba ce. Ni ne."

Tsohuwar ta karkato kai. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi. "Me ka ce, ɗan nan?"

Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga murya. Ta matso ta kafa hannu a bayan kunne, ta ce ita fa ba ta taɓa yarinyar kowa ba, ya ji tsoron Allah. Sai Haladu ya rufe ido ya buɗe maƙogwaro, da irin muryar da yake ba da labari a majalisa.

"Na ce ni ne! Damisar mushe ce, ciwo ya kashe ta! An ce in ƙone, na saci fatar! Ni na kawo ciwon da ya kashe kyanwoyi, kuma na sani tun ranar farko na yi shiru! Ba kyauta ba ce, ba wanda ya ba ni! Ni shara nake yi a can!"

Na ƙarshen nan ba wanda ya tambaye shi, da kansa ya fito. Liman, da ke tsaye da butarsa, ya juya ya shige masallaci. Samarin suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa na kallon ƙafarsa.

A cikin gida Tasalla ta tula wa fatar da buhun kananzir, ta ƙyasta ashana da hannunta. Hayaƙi baƙi mai ƙauri ya miƙe sama tsaye, ko da yake akwai 'yar iska. Dela ta yi atishawa sau uku, ta kife a gefen kwano. Malam ya ce alhamdu lillahi, ta tafi.

Inno ta daɗe tana kallon Haladu. Hannayenta suka saki zanin a hankali. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga bukka ta fito da ƙaramar ƙwaryar nono, ta miƙa masa.

"Kwana huɗu yarinyar ba ta sa komai a ciki ba, ina jiyo uwarta ta danga. Kai mata. Kada a ba ta da yawa lokaci ɗaya."

Ya karɓa, ya ratsa ta cikin mutane da ƙwaryar a hannu, babu wanda ya yi masa magana. Ya sami Dela a jingine da ƙirjin uwarta, idanunta sun dawo nata. Ya durƙusa ya kafa mata ƙwaryar a baki. Ta kurɓa, ta haɗiye, nonon ya zauna a cikinta. Ta sake kurɓa. Tasalla ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku.

"Nonon wa ne?" in ji Dela, da 'yar muryarta ta da.

"Na Inno ne."

Yarinyar ta dubi ƙwaryar, ta dubi dangar, sannan ta dubi ubanta.

"Baba, na ji abin da ka faɗa a waje." Ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Ranar da na ce mata mayya, kana zaune a nan. Me ya sa ba ka hana ni ba?"

Haladu ya kawar da kai. Dela ta jira shi kaɗan, sannan ta karɓi ƙwaryar daga hannunsa ta miƙa wa uwarta.

"Inna, ke ki ba ni."